Tambaya da Amsa: Ƙurar Hunturu da Gilashin Sikana

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan fitowar sun shafi sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi, irin wadda ake ɗaga murfinta a kifa takarda, ita kuma ta ɗauki hoton takardar ta miƙa wa kwamfuta. Mun taƙaita wasiƙun kamar yadda aka saba, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Malam, assalamu alaikum. Ina da shagon fotokopi da buga takardu a Harobanda, nan Yamai, kuma mafi yawan masu zuwa wurina ɗalibai ne da ke son a ɗauki takardun shaidarsu domin su aika ta intanet. Tun da hunturu ya kama, duk takardar da na ɗauka sai ta fito da ɗige-ɗige, wani lokaci kuma da wani siririn layi tun daga sama har ƙasa. Kullum da safe ina goge gilashin da tsumma, amma abin bai ragu ba, har ma na fara ganin kamar gilashin ya dusashe. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da tsumman nan na safe, domin shi na fi zargi a kan dusashewar gilashin. Ƙurar da iskar hunturu take kwasowa daga Sahara, tun daga kwarin Bodele na arewacin Cadi har zuwa tuddan yashin ƙasarmu, ba ta da laushin da ido yake ba ta. A cikinta akwai ɓarɓashin yashi, ƙwayar yashi kuwa ta fi gilashi tauri: a ma'aunin Mohs, wanda masana duwatsu suke auna tauri da shi daga 1 zuwa 10, yashi yana kan 7, gilashi na yau da kullum kuma bai wuce 5 da rabi zuwa 6 ba. Idan ka ɗora busasshen tsumma a kan wannan ƙura ka murza, aikin da kafinta yake yi wa katako da takardar yashi shi kake yi wa gilashinka, sai dai naka a hankali yake tafiya, ba za ka lura ba sai bayan watanni, lokacin da ƙananan karce suka taru suka zama hazo. Ƙurar da ta kwanta ba a taɓa ta ba, iyakarta ta ɓata hoton ranar. Wadda aka murza kuwa gilashin kansa take ci.

Saboda haka sai an ɗauke ƙura kafin a shafa komai. Ka kashe na'urar, ka zare wayar wuta da ta USB, ka ɗaga murfi, sa'an nan ka hure gilashin da ƴar robar nan mai hura iska da masu kyamara da masu gyaran agogo suke aiki da ita, kana kora ƙurar zuwa gefe ɗaya. Kada ka hura da baki, domin tururin numfashi da ɗigon miyau suna manna ƙurar a inda take. Kada kuma ka kai ta wurin masu faci a hure maka da injinsu, domin iskarsa tana da ƙarfin da zai cusa ƙurar cikin na'urar, kuma sau da yawa tana fitowa da ruwa da mai. Idan ba ka sami robar ba, sabon buroshi mai laushi ƙwarai, irin na kwalliyar mata wanda bai taɓa shiga hoda ba, zai yi aikin, muddin sama-sama ake sharewa ba tare da dannawa ba.

Bayan ƙura ta tashi ne ake zuwa ga ƙyalle. Wanda ya fi dacewa shi ne irin wanda ake goge tabarau da shi, kuma guda biyu ake buƙata, ɗaya mai danshi, ɗaya busasshe. Ka ɗiga tataccen ruwa ko ruwan wanke gilashi a kan na farko, daidai yadda zai yi danshi ba tare da yana ɗiga ba, ka ja shi daga wannan gefe zuwa wancan, layi bayan layi, kana juya shi zuwa wurin da bai ɗauki datti ba, sa'an nan ka bi da busasshen kafin danshin ya bushe da kansa ya bar zane. A kan ƙyalle ake zuba ruwa, ba a fesa shi a kan gilashi, kuma dalilin shi ne gilashin manne yake da firam na roba, tsakaninsu akwai ƴar kafa, duk ruwan da ya gangara gefe kuwa ta nan yake bi ya shiga ciki, inda hannunka ba ya kaiwa. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa yana barin farin tabo idan ya bushe, takardar goge hanci kuma tana zubar da zare-zare, don haka ka bar su duka. Idan ka gama, ka kashe fitilar shago ka haska tocilar wayarka daga gefen gilashin a kwance. Duk abin da ya rage zai bayyana. Ƙyallayen nan biyu kuma a cikin leda mai rufi za su riƙa kwana, domin wanda aka rataye a ƙusa da hunturu ya riga ya cika da yashi kafin gari ya waye.

Game da ɗige-ɗige, akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna maka inda dattin yake kafin ka sake shafa komai. Ka rufe murfi ba tare da ka sa takarda ba ka ɗauki hoto, sa'an nan ka sa sabuwar farar takarda ka sake ɗauka. Ɗigon da ya fito a hoton farko ya ɓace a na biyu, a jikin farin shafin da ke cikin murfi yake, kuma shi da ƙyalle mai ɗan danshi da sabulu kaɗan ake goge shi, a hankali, domin yana saurin karcewa. Wanda ya fito a hotunan biyu a wuri ɗaya, a gilashi yake. Idan ka goge saman gilashin bai gusa ba, ta ƙasa yake, kuma ƙara murza sama ba zai fitar da shi ba. Ka lura kuma da ma'aunin da kake ɗaukar hoto da shi, wato yawan ƙananan ɗigon da na'urar take raba hoton zuwa gare su. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297, kuma a ma'aunin dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, na'urar tana raba faɗin zuwa ɗigo 2480, kowane ɗigo bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Wannan ya isa kowace takardar shaida. Na san wasu masu shago suna kai shi 1200 domin su burge mai takarda, amma abin da suke samu shi ne fayil da ya ninka sau 16 a yawan ɗigo, da kowace ƙwayar ƙura ta fito fili.

Layin nan mai tafiya daga sama har ƙasa kuwa wani abu ne dabam, kuma sai an san yadda na'urar take aiki kafin a gane shi. A ƙarƙashin gilashi akwai sanda mai ɗauke da fitila da jerin dubban ƙananan idanu masu jin haske, tana tafiya daga kan takarda zuwa ƙarshenta, kowane ido kuma siririn layi guda yake karantawa a tsawon takardar. Ƙwayar ƙura da ke kan gilashi sau ɗaya sandar take wuce ta, shi ya sa take fitowa ɗigo. Wadda ta zauna a kan idon kansa, ko a kan madubin da ke kai masa haske, tare da sandar take tafiya, sai ta ja layi mai duhu a tsawon hoton duka. Akwai kuma hanya ta biyu da mutane da yawa ba su sani ba. A ƙarshen da sandar take hutawa, a ƙarƙashin firam inda ido ba ya gani, akwai wani farin zirin da na'urar take dubawa kafin ta fara aiki domin ta san yadda fari na ainihi yake. Idan datti ya rufe wani wuri a wannan ziri, idon da ke kallon wurin sai ya ɗauka shi ne haskensa ya gaza, ya ƙara wa kansa ƙarfi, daga nan sai ka ga layi mai haske ko mai launi a kan duk abin da ka ɗauka, alhali gilashin da kake gani tas yake.

Kafin ka yi tunanin buɗe ta, ka kashe ta ka kunna domin ta sake duba zirin, kuma idan manhajarta tana da wurin sake gwajin fari, kamar yadda ScanGear ta Canon take da shi, ka gwada. Idan kuma na'urarka mai jan takardu da kanta ce ta saman murfi, kuma a can kaɗai layin yake fitowa, to maganin a hannunka yake: akwai siririn gilashi a gefen babban, wanda takardu suke wucewa ta kansa, kuma ɗigon tawada guda a kansa ya isa ya ja layi a kowane shafi. Abin da ya wuce wannan aikin ciki ne, kuma na yi bayaninsa a amsar mai tambaya ta huɗu. Karcen da ya riga ya samu ba ya fita. Za ka ji masu cewa a shafa man goge baki. Ban yarda da wannan ba, domin shi ma gari mai kaifi ne a cikinsa, kuma ko ya rage karce guda zai bar hazo a kewayensa. Abin da ya rage maka shi ne ka riƙa ajiye ƙananan takardu, kamar katin shaida, a ɓangaren gilashin da ya fi lafiya, ka cire ƙarafan maƙala takardu kafin ka kifa su, ka kaɗe kowace takarda a waje, ka kuma kawar da na'urar daga bakin ƙofa da gaban fanka.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni sakatariya ce a wata makaranta a Tawa. Gilashin sikanarmu ya ɓaci da farin ruwan gyaran rubutu da tawadar hatimi da gam na salatef. Wani abokin aiki ya ce in sayo alkol a farmasi, wata kuma ta ce ruwan goge jan farce ya fi sauri. Wanne zan bi?

Amsa: Barka kadai, Malama. Shawarar ta biyu ki bar ta gaba ɗaya. Ruwan goge jan farce, da tina ta masu fenti, da fetur, da kananzir, dukkansu suna cin roba, kuma ɗigo guda da ya taɓa firam ko farin shafin murfi zai narkar da wurin ko ya bar tabon da ba ya fita. A sikanoni da yawa ma da gam mai fuska biyu aka manne gilashin, kuma waɗannan ruwaye suna sake shi.

Maganar alkol tana da ɗan tsawo. Littattafan da Epson da Canon suke haɗowa da na'urorinsu sun hana shafa musu alkol, kuma idan taku tana cikin garanti, abin da littafinta ya ce shi za ki bi. Gilashi tsantsa dai alkol ba ya yi masa komai. Abin da ake ji wa tsoro shi ne roba da gam da ke kewaye da shi, da kuma shafe na musamman da ake yi wa gilashin wasu na'urori masu tsada. A ganina, ga tabo mai taurin kai kamar tawadar hatimi ko gam, babu laifi a ɗiga kaɗan a bakin ƙyalle a taɓa tabon kaɗai, a bar tazarar yatsa tsakaninsa da gefen gilashi, sa'an nan a bi da busasshen ƙyalle nan take. Sai dai ki duba irin alkol ɗin da za a ba ki, domin wanda ake sayarwa saboda wanke ciwo wani lokaci an zuba masa kafur da launi don kada a sha, kuma waɗannan ba sa tashi tare da shi, a kan gilashi suke zama. Ki ɗiga shi a kan madubi ki jira ya bushe. Idan ya bar zobe, bai dace ba. Man tsabtace hannu mai kauri shi ma kada ki yi aiki da shi, saboda abin laushin fata da ke cikinsa yana barin maiƙo.

Farin ruwan gyaran rubutu da ya bushe ba ya buƙatar komai mai ƙarfi. Ki ɗora masa ƙyalle mai danshi na minti ɗaya ko biyu, sa'an nan ki ɗaga shi da farce ko da gefen katin roba a kwance. Reza da bakin almakashi kada su kusanci wurin. Asalin matsalar kuwa gaggawa ce, domin takardar da aka buga wa hatimi yanzu, ko aka shafa mata farin ruwa yanzu, ba a kifa ta sai ta bushe sarai, kuma idan mai ita ba zai iya jira ba, a sa ta cikin ledar takardu mai garai-garai kafin a ɗora. Akwai kuma wani abu da na tabbata yana damun gilashinku a wannan lokaci ko da ba ki ambata ba, wato man shafawa. Da hunturu kowa hannunsa yana ɗauke da basilin ko man kaɗe, kuma yatsa guda da ya dafa gilashi yana barin maiƙon da ƙura take mannewa a kai. Ki koya wa duk mai taɓa na'urar ya zamo da takarda zuwa gefe ya ɗaga ta da bakinta, ba tare da ya dafa gilashin ba.

Tambaya: Malam, shagona a Bukoki yake, nan Yamai, rufin kwano ne. Da bazara sikanata takan tsaya a tsakiyar aiki, wani lokaci kuma farar takarda ta fito da launin ja-ja. Zafi ne, ko wutar lantarki?

Amsa: Malam, kowannensu yana iya zama. Mafi yawan sikanoni an rubuta a littattafansu cewa iyakar zafin da za su yi aiki a ciki digiri 35 ne, Yamai kuwa a Afrilu da Mayu tana wuce 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano da azahar. Ba za ka iya sauya bazara ba, amma za ka iya kashe na'urar duk lokacin da ba ta aiki, ka kawar da ita daga inda rana take faɗowa ta taga, ka kuma sauke ta daga kan injin fotokopi ko na'urar ajiyar wuta idan a can ka ɗora ta, domin su ma zafi suke fitarwa.

Tsayawa a tsakiyar aiki ya fi yawa a sirarran sikanonin nan da ba su da wayar wuta ta kansu, kamar jerin LiDE na Canon, waɗanda daga ramin USB suke shan wuta. Ramin USB 2.0 volt 5 yake bayarwa, kuma abin da aka ƙayyade masa bai wuce watt 2 da rabi ba, saboda haka doguwar waya ta ƙari ko ƴar na'urar raba rami da aka cika da kaya sun isa su sa sandar ta tsaya a hanya. Ka haɗa ta kai tsaye da ramin bayan kwamfuta da gajeriyar waya mai kyau. Idan mai adafta ce, ka tabbata adaftar da aka yi mata ce, ko wadda volt ɗinta ya yi daidai da abin da aka rubuta a bayan na'urar. Idan aka ɗauke wuta ka zare ta, kada ka mayar sai wutar ta dawo ta zauna, haka ma lokacin tayar da janareta da lokacin tsawa. Launin ja-ja kuwa yawanci alamar tsufan fitila ce a tsofaffin na'urori masu siririn bututun haske, waɗanda sai sun ɗumama kafin haskensu ya daidaita. Ka ba ta ƴan mintoci bayan kunnawa, idan launin bai gushe ba fitilar ta gaji. Masu fitilar LED ba sa buƙatar wannan jira. Ka rufe ta da mayafin auduga mai kauri idan ka tashi, musamman a farkon damina da guguwa take gabatar hadari, amma kada ka naɗe ta a leda a watan Agusta, domin leda tana tsare danshi a ciki.

Tambaya: Malam, na sayi sikana ta hannu a kasuwa da ɗan sauƙi. Da na kunna ta sai ta yi ta ƙara kamar haƙora suna goguwa, sandar ciki ba ta motsa ba. Gilashin kuma yana da wani hazo ta ciki wanda gogewa ba ta fitarwa. In buɗe ta da kaina, ko in kai wa mai gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, kashe ta tukuna, kada ka bari ƙarar ta ci gaba, domin kowane daƙiƙa na wannan ƙara bel ne yake tsallake haƙoransa. Sa'an nan ka duba bayanta da ƙarƙashinta ka nemi wata ƴar sakata mai hoton kwado a rufe da kwado a buɗe. Sikanoni da yawa suna da ita domin ta riƙe sandar fitila lokacin tafiya, kuma mai kula yakan rufe ta kafin ya ɗauki na'urar. Idan a rufe take, ka buɗe ka sake kunnawa. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Kai ma duk ranar da za ka ɗora ta a bayan babur ka rufe sakatar, ka kuma ɗauke ta a kwance.

Idan sakata a buɗe take kuma ƙarar ba ta daina ba, to ko giris ɗin da ke kan ƙarfen da sandar take zamewa a kai ya haɗu da ƙura ya daskare, ko bel ya saki. Hazon nan na ciki kuma sananne ne: roba da man da ke cikin na'urar suna fitar da tururi a hankali, zafi yana ƙara shi, shi kuma ya kwanta a ƙasan gilashi. Duka biyun sai an buɗe. Tunda ta hannu ce babu garantin da za ka rasa, amma ka san cewa ba duka ake buɗewa da sauƙi ba. Wasu ƙusoshin murɗawa ne a ramin da ƙafafun murfi suke shiga, wasu kuma haƙoran roba ne da suke karyewa idan aka tilasta su, wasu ma gilashin da gam aka riƙe shi. Idan ka cire ƙusoshi saman bai ɗago da sauƙi ba, ka tsaya ka kai wa wanda ya saba.

Idan ta buɗu, wuri da lokaci sun fi kayan aiki muhimmanci. Kada ka yi wannan aiki a shago ƙofa a buɗe da rana. Ka zaɓi ɗaki mai siminti, ka yayyafa ruwa ka share, ka kashe fanka, ka rufe taga, ka jira ƙurar ta kwanta, in ba haka ba abin da zai shiga ya fi abin da za ka fitar. Ka zare wuta ka jira ƴan mintoci. Ka goge ƙasan gilashin kamar yadda na bayyana a amsar farko, har zuwa ƙarshen da farin zirin yake, amma zirin kansa kada ka jiƙa shi ko ka kankare shi. Ƙarfen zamiya ka goge masa tsohon giris da ƙyalle, ka shafa sabo ɗan kaɗan, irin farin giris da ba ya cin roba, ko ɗigo ɗaya na man keken ɗinki idan shi ke hannunka. Man gyaɗa yana daskarewa, man inji yana tara ƙura, man feshin nan na kwance tsatsa da ake kira WD-40 kuma fesa shi a ciki zai kai ga madubi da gilashi. Bel ba a shafa masa komai.

Sandar fitila ita ce wurin da za ka tsare hannunka. Sikanoni iri biyu ne. Masu kauri, kamar jerin Perfection V na Epson irin su V600, suna aiki da idon CCD, kuma haske yana bi ta madubai da gilashin tattara haske kafin ya kai ga idon. Waɗannan madubai a fuskarsu ta gaba aka yi musu shafen, babu gilashin da ya kare shi, saboda haka ko ƙyalle mai laushi yana iya karce su. Hurewa da robar iska kaɗai ya isa. Kada ka kwance ƙusar da ke riƙe da madubi ko idon, musamman wadda aka ɗiga wa fenti ko gam, domin a masana'anta aka daidaita su kuma ba za ka iya mayar da su ba. Sirarran kuwa suna aiki da idon CIS, wanda jeri ne guda da ke tafiya dab da gilashi, ba shi da madubai, kuma a gefunansa akwai ƴan robobi da ke riƙe tazararsa da gilashin. Idan ɗaya ya faɗi ba ka lura ba, hoto zai fito dishi-dishi a gefe guda. Idan fitilar bututu ce, ka sani tana aiki da wuta mai ƙarfin ɗaruruwan volt, tana da saurin fashewa, kuma akwai zaiba a cikinta. Kafin ka mayar da ƙusoshi duka, ka ɗora saman ka gwada hoto, domin da wuya a yi buɗewar farko ba a bar zare guda a ciki ba.

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Kakanmu ya bar mana littattafan hannu na Larabci da ajami a cikin gafaka, nan Tawa. Muna son mu ɗauke su a sikana kafin gara ta gama da su. Shin hasken na'urar ba zai lalata su ba, kuma su ba za su ɓata na'urar ba?

Amsa: Amin, Malam, Allah ya jiƙan magabata. Hasken wucewa ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Danna murfi da danshi su ne abin tsoro. Tawadar allo da ta littattafanmu ta gargajiya, wadda ake haɗawa da ƙaro, ruwa yana narkar da ita, saboda haka idan ka goge gilashi da ƙyalle mai danshi ka bar murfin a buɗe har ya bushe sarai kafin ka ɗora shafi na farko. A lokacin aikin kuma ka bar ruwa gaba ɗaya, ka riƙa hure gilashin da robar iska bayan kowane shafi biyu ko uku, domin tsohuwar takarda tana zubar da ɓarɓashi da yashi da kashin gara, kuma idan ka ja shafi a kansu takarda da gilashi duka za su karce. Ɗagawa ake yi a ajiye, ba a ja.

Littattafanmu na dā yawanci warwararrun shafuka ne ba a ɗinke ba, kuma wannan ya sauƙaƙa aikin, tunda kowane shafi zai kwanta da kansa. Ka kiyaye jerinsu, ka riƙa duba kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan shafi domin nuna farkon na gaba. Ka sauke murfi a hankali ba tare da ka danna ba, ka sa baƙar takarda a bayan shafin domin kada rubutun baya ya leƙo, ka ɗauka da launi a dpi 400 zuwa 600, ka ajiye asalin a tsarin fayil ɗin hoto da ake kira TIFF, a wuri biyu dabam. Kada ka sa ko shafi guda a na'ura mai jan takarda da kanta. Idan shafukan sun lanƙwashe, sikana mai idon CCD ta fi, domin mai CIS abin da ya manne da gilashi kaɗai take gani sosai. Waɗanda suka yi rauni har suna karyewa a hannu, ko suka manne da juna, kada ka kifa su kuma kada ka ɓamɓare su. A shimfiɗe su a ɗauka da kyamara daga sama. A Yamai, cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen littattafan hannu na Larabci da ajami, inda ake adana tarin da marigayi Boubou Hama ya fara haɗawa, kuma ya kamata ku nemi shawararsu a kan shafukan da suka manne kafin kowa ya sa musu hannu.